Yadda ake karanta sakamakon binciken manhaja a tsarin Linux

Masu gyaran kwamfuta a unguwar Shamaki da ke birnin Gombe, kamar takwarorinsu a sauran sassan ƙasar nan, kan ga jerin haruffa da ɗigo-ɗigo idan suka ba da umarnin rpm -V a tsarin Fedora ko Red Hat. Umarnin yana kwatanta fayilolin da ke cikin na'ura da bayanan da aka adana ranar da aka girka manhajar.

Idan bai nuna komai ba, to babu abin da ya sauya. Idan kuwa layi irin S.5....T. ya fito, S na nufin girman fayil ya canza, 5 na nufin abin da ke cikinsa ya canza, T kuma lokacin da aka taɓa shi. Kowane ɗigo yana nuna wannan ɓangaren lafiya lau. Harafin c kafin sunan fayil alama ce ta fayil ɗin saiti, wanda mai kula da na'ura kan gyara da hannunsa, ba abin tashin hankali ba ne. Amma 5 a kan /usr/bin/passwd, wanda babu mai hurumin taɓawa, ya isa a katse na'urar daga intanet nan take.

Sai dai shirun umarnin ba shaidar tsabta ba ce. A watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft, ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a manhajar XZ Utils mai lamba 5.6.0 da 5.6.1. Tun daga tushe aka dasa ta, don haka wannan bincike ba zai tona asirinta ba.