Wa'adin Kai Ƙarar Neman Diyyar Rauni

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wani sashe na shari'a wanda jahiltarsa kan sa mai gaskiya ya rasa haƙƙinsa, watau wa'adin da doka ta yanke wa wanda aka ji wa rauni don ya nemi diyya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin fiƙihu, domin a mazhabar Malikiyya akwai hukuncin hauzi: wanda ya zuba ido wani yana riƙe da gidansa har shekara 10, yana nan, bai ce uffan ba, ba a sauraren da'awarsa. Hikimar ɗaya ce. Shaidu kan mutu, ko su manta, takardu kan salwanta, alƙali kuwa ba ya hukunci sai da hujja.

Doka ta farko da ta kamata a sani ita ce Dokar Kare Ma'aikatan Gwamnati, wadda Turawa suka kafa a 1916, suka kwaikwayo ta daga wata dokar Ingila ta 1893. Ingila ta soke tata a 1954, amma tamu tana nan daram. Sashe na 2 ya ce duk wanda zai yi ƙarar ma'aikacin gwamnati a kan abin da ya aikata, ko ya yi sakaci da shi, a bakin aikinsa, to, lalle ya shigar da ƙarar cikin wata 3. A 1998 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa wannan kariya ta haɗa har da hukumomin gwamnati kansu.

Alal misali, a ɗauka motar wata ma'aikata ta kaɗe wani ɗan kasuwa a Shuwarin, aka kwantar da shi asibiti a Dutse wata 4. Dangi suka shiga jinya, dattawa suka shiga neman sulhu. Ranar da aka sallame shi, wa'adi ya riga ya cika. Kotuna sun sha bayyana cewa zaman sulhu ba ya tsayar da ƙidayar kwanaki, kuma daɗewar ciwo ba ta tsawaita wa'adi, sai fa in aikin da ke jawo cutar ne bai tsaya ba. Sai dai kariyar ba ta rufe ma'aikacin da ya fita daga hurumin aikinsa, ko ya yi abu da mugun nufi.

Doka ta biyu ta shafi wanda ya ji rauni a wurin aikinsa, ko leburan fasa dutse ne, ko akawu a sakatariya. Ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, hukumar NSITF kuma ke gudanar da ita. Matakanta uku ne. Ma'aikaci, ko magajinsa in ya rasu, zai sanar da mai aikin cikin kwana 14. Mai aikin zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Sa'an nan a miƙa takardar neman diyya cikin shekara 1. In akwai uzuri mai ƙarfi, hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3.

Saura kuma ƙararraki tsakanin mutum da mutum, kamar direban motar haya da fasinjansa. Waɗannan suna da nasu wa'adi gwargwadon dokar jiha, ya kuma fi na ma'aikatan gwamnati tsawo.

Sabo da haka, abin da ya wajaba ga wanda tsautsayi ya auka wa, ko ga danginsa, shi ne a rubuta ranar da abin ya faru, a karɓi rahoton likita da na 'yan sanda, a adana sunayen shaidu, a kuma ga lauya tun majinyaci yana kwance. Neman sulhu alheri ne, amma a yi shi ana lissafin kwanaki. Tun ran gini, in ji Hausawa, tun ran zane.