Wa Ya Ɓoye Curry a Toronto?

Ga kacici-kacici, mai karatu, a ba ni amsa. Ranar 2 ga Yuni 2019, a birnin Toronto na Kanada, ana wasa na biyu na ƙarshen gasar ƙwallon kwando ta NBA. Golden State Warriors na da maki 106, Toronto Raptors na da 94, saura minti biyar da ɗoriya a tashi. Daga nan sai kwando ya ƙi Warriors. Minti biyar cur ba su ƙara ko maki ɗaya ba, alhali suna da Stephen Curry, gwanin da ya jefa ƙwallo mai maki uku har sau 402 a kakar 2015 zuwa 2016. Ga shi a fili kowa na ganinsa, amma a zangon ƙarshe ko jifa ɗaya bai yi ba. To, wa ya ɓoye shi?

Zato na farko, ciwo. Lallai an ce bai ji daɗin jikinsa ba a farkon wasan. Sai dai marar lafiyar nan ya riga ya tara maki 23 kafin zangon ƙarshe. A ajiye wannan.

Zato na biyu, Kawhi Leonard na Raptors. Dogo ne mai manyan hannuwa, sau biyu ana zaɓensa gwarzon mai tsaro na NBA, a 2015 da 2016. Ko shi aka ɗora wa Curry? A sake kallon wasan. Leonard na can gefe yana gadin wuri, bai bi kowa ba.

Zato na uku na 'yan majalisar shayi ne. Shugaban Raptors a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, can ya koyi ƙwallon kwando. Ko dai an aiko da wani abu daga gida? A yi dariya a wuce. Abin da ya ɗaure Curry, a kan allo aka zana shi, da alƙalami, cikin ɗan hutun da koci ke nema.

Ga alamu biyu. A ɓangaren Warriors, Kevin Durant bai buga ba, yana jinyar ƙafa. Klay Thompson ya ji ciwo a cinya a zango na huɗu, ya fita. Maharba uku, saura ɗaya. Kocin Raptors, Nick Nurse, ya ƙirga. Ya kira yaransa. Ya zana.

Abin da ya zana shi ne tsaron akwati da mutum ɗaya, dabarar da aka fi gani a wasannin makarantu. Mutum huɗu su tsaya kusurwa huɗu a gaban kwando: biyu a sama, a bakin layin jifan fanareti, biyu a ƙasa, dama da hagun kwando. Waɗannan wuri suke gadi, ƙwallo ta yi dama su gusa dama, ta yi hagu su gusa hagu, akwatin bai wargaje ba. Na biyar kuwa aikinsa ɗaya tak: gwanin abokan karawa. Ba ruwansa da ƙwallo, ba ruwansa da kwando. Fuskarsa na kan ƙirjin mutuminsa, hannunsa na kan hanyar da za a miƙo masa. Nurse ya ba Fred VanVleet wannan aiki, gajere a cikin 'yan NBA, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016. Ya manne wa Curry kamar ƙarangiya a wandon mai zuwa garka a Gidimuni. Idan an yi wa VanVleet shinge, sai na kusa daga akwatin ya fito ya tare, har ya dawo. Saƙon a fili yake: kowa ya jefa, ban da wannan.

Sauran 'yan Warriors suka jefa, suka yi ta kuskure. Raptors suka ci goma a jere. 106 da 104. Saura daƙiƙu kaɗan. An rutsa Curry, ya cilla wa Shaun Livingston, shi kuma ya hango Andre Iguodala tsaye shi kaɗai, ya miƙa masa. Iguodala ya ɗaga, ta shiga. Aka tashi 109 da 104, Warriors suka tsira da ƙyar. Amma ranar 13 ga Yuni, Raptors ne suka ɗauki kofin, na farko a tarihinsu.

Jifan Iguodala shi ne kuɗin da wannan dabara ke biya: wanda aka ƙyale zai iya hukunta ka. Saboda haka, malam koci, ko a Gidimuni kake horar da yara ko a Damagaram, kafin ka zana akwati ka ƙirga maharban abokan karawarka. In sun kai biyu, bar shi. In ɗaya ne, zaɓi yaro mai numfashi da haƙuri, ka tanadi wanda zai canje shi idan ya gaji. Koya wa huɗun magana da juna, da rufe tsakiya, da kama ƙwallon da ta dawo daga kwando, domin nan ne akwati ya fi yoyo. Kuma kada ka shimfiɗa shi tun daga farkon wasa har ƙarshe. Ajiye shi sai lokacin da ba su zata ba.