Inshorar Malalar Mai Daga Jiragen Ruwa a Ma'aunin Fiƙihu

Gabatarwa

A Yawuri da sauran garuruwan gaɓar Tafkin Kainji, jiragen ruwa masu inji na jigilar mutane da kaya, har da jarkokin fetur. Idan jirgi ya kife ko tankinsa ya fashe, man yakan malale a ruwa, ya kashe kifi, ya gurɓata ruwan sha, ya lalata noman fadama. Tambaya biyu ke tasowa: wa zai biya ɓarnar, kuma shin ya halatta mai jirgi ya nemi inshorar da za ta ɗauke masa wannan nauyi?

Lamunin ɓarna

Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya lalata dukiyar wani shi ke lamuninta, da gangan ne ko bisa kuskure, domin kuskure zunubi yake ɗagewa, ba ya ɗage biya. Wanda kuwa ya zama sanadi kawai, sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka ake ɗora masa lamuni. Saboda haka mai jirgin da ya yi lodi fiye da kima, ko ya bar tanki yana yoyo, shi zai biya masunta da manoma. Wanda guguwa ta rinjaya bayan ya kiyaye duk abin da ya wajaba, hukuncinsa daban ne.

Matsayin inshora

Ta hanyar jiragen ruwa ne mas'alar inshora ta fara shiga littattafan fiƙihu. Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya tattauna ta a Raddul Muhtar, bai kuma halatta wa ɗan kasuwa karɓar kuɗin ba idan a ƙasar Musulunci aka ƙulla yarjejeniyar. A 1985 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Jidda ta haramta inshorar kasuwanci saboda yawan garari, wato jahiltar abin da kowane ɓangare zai samu, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya da aka gina a kan tabarru'i. Malamai sukan kafa hujja da tsarin aƙila, inda dangi ke haɗa diyyar kisan kuskure.

A takaful, masu jirage ne ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, kamfani kuwa wakili ne da ke karɓar lada sananne. Daga asusun ake biyan kuɗin kwashe man da diyyar waɗanda aka cutar. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a Nijeriya a 2013.

Giɓin da ya rage

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 2001 kan malalar man injin jirage ta wajabta inshora ne ga jirgin da ya haura tan 1,000. Ƙananan jiragen kogunanmu ba su kai nan ba, alhali masu su ne mafi kasa biyan diyya, sai haƙƙin masunci ya salwanta.

Kammalawa

Takaful hanya ce halattacciya ta isar da haƙƙi ga mai shi, sai dai ba ta biyan ɓarnar ganganci, ba ta kuma wanke mai sakaci daga zunubi. Wannan hukunci ne kuma ya hau kan tankar mai da ta kife a gonar manomi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Allah ne Mafi sani.