Gargaɗi ga Manoma: Kada a Sa Hannu Kafin a Auna Rijiya

Jama'a, manoma da masu unguwanni da dagatai, duk garin da aka fara ganin baƙi suna zagaya gonaki da na'urori, suna kafa turaku, suna ɗibar ƙasa a leda, to ma'adini ake nema. Akwai aikin da dole ku yi yanzu, domin idan katafila ta shigo ba zai ƙara yiwuwa ba.

Tun kafin maganar diyya, a auna ruwa. A zura igiyar guga a kowace rijiya, a ƙulla daidai inda ta taɓa ruwa, a ƙirga gaba nawa ne, a rubuta da kwanan wata. A yi haka a tsakiyar rani, a sake bayan damina. Sannan a ɗebi ruwan rijiyoyi da na burtsatse, da ƙasar gona da ta tsakar gida, a kai ɗakin gwaji na jami'a a duba dalma da zaiba. Takardar sakamako kuwa a ajiye kwafinta a hannun dagaci da liman, kada a bar wa kamfani ita shi kaɗai.

Dalili shi ne, ramin haƙa idan ya zarce inda ruwan ƙasa yake kwance, ruwa zai riƙa tsattsafowa a cikinsa, sai a sa injuna su tsotse dare da rana. Rijiyoyin kusa su ja baya, fadamar da ake albasa da tumatir ta bushe. Ranar da kuka kai ƙara za a ce muku ai fari ne, ko a ce ruwanku dama can haka yake. Wanda bai auna jiya ba, da me zai ƙaryata?

Batun gwajin dalma kuwa, ba sai mun je nesa ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinariyar yankin cike yake da dalma. Ana kawo shi gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa, ƙauyen Bagega ma ba a yi masa wannan aikin ba sai 2013. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano a ruwa, kuma tafasawa ba ta kawar da ita.

Doka ta ba ku makami, ko da yake ba kowa zai faɗa muku ba. Ma'adini mallakar gwamnatin tarayya ne, gaskiya ne, amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin kafin ya fara haƙa, da biyan diyyar amfanin gona da itatuwa. Dokar muhalli ta 1992 kuma ta ce babban aiki irin wannan sai an yi binciken tasirinsa ga muhalli. Ku nemi rahoton, ku sa ɗanku mai ilimi ya karanta muku shi shafi-shafi. Kada mutum uku su shiga ɗaki su dangwala yatsa da sunan gari.

A cikin yarjejeniyar a rubuta ƙarara: ƙasar sama, wadda kakanni suka shekara suna kai wa taki, a tara ta gefe guda, kada a gauraya ta da jar ƙasar rami. A faɗi inda ruwan wankin dutse zai tafi, da wanda zai cike ramuka, da kuɗin da aka ware domin hakan. Kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a kewayen Jos tun zamanin Turawa suna nan har gobe, suna cin rayuka.

Inda kuwa an riga an fara haƙa, kada dutse ya shigo gida, kada mai haƙa ya ɗauki yaro da kayan aiki a jikinsa. Yaron da ya fara amai, ko yawan barci, ko jijjiga, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita ana haƙa a garinku, a nemi gwajin dalma a jini.