Shin Ko Kun San? Gwanin Jaz Ya Yi Shekara 4 a Zariya Yana Bin Sarewar Fulani

Da zarar Disamba ta kama, sai gardama ta kaure a duniyar kiɗan jaz. Wane faifai ne ya fi na kowa a bana? Mujallu su fitar da jerinsu, gidajen rediyo su fitar da nasu, kowa na rantsuwa nasa ne daidai. Na san wani a Kankiya ko Kusada zai ce, to mu ina ruwanmu da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, na ƙaho da fiyano da ganga? Ku dakata tukuna, jama'a. Zancen nan sai ya ratsa Zariya da Kaduna, har ya iso ƙofar gidanku.

Shin ko kun san an fi shekara 85 ana wannan zaɓen gwanaye? Mujallar DownBeat, wadda aka kafa a birnin Shikago a 1934, ta fara neman ƙuri'ar masu karatunta tun 1936. A 1953 ta ƙaro ƙuri'ar masana masu sharhi. Akwati biyu ke nan. Kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba!

Kyautar Grammy fa? Sau biyu aka raba ta a shekararta ta farko. E, sau biyu: ranar 4 ga Mayu, 1959, da kuma 29 ga Nuwamba. Kofin kansa siffar garmaho ce, irin mai ƙaton bakin nan. Da hannu ake ƙera shi a wani ɗan ƙaramin gari, Ridgway, can cikin duwatsun jihar Kolorado, a zuba narkakken ƙarfe, a goge, a shafe da ruwan zinare. Nauyinsa ya haura kilo 2. Ga abin dariyar: wanda kuke gani ana ɗagawa a talabijin ana hawaye, na aro ne. Da an sauka daga dandamali za a karɓe abinsu. Na gaskiyar sai daga baya ake aika wa mutum, bayan an zana sunansa.

Yanzu ku gyara zama. A watan Agustan 1959 Miles Davis ya fitar da faifansa Kind of Blue. Zama biyu kacal aka yi aka naɗe shi, ɗaya a Maris, ɗaya a Afrilu. Yau shi ake ɗauka faifan jaz da ya fi kowanne kasuwa, a Amurka kaɗai ya kai miliyan 5. To Grammy nawa ya ci a shekarar? Ko ɗaya! Kyautar ƙungiyar jaz ta tafi hannun wani mai busa ƙaho, Jonah Jones. Ku tambayi masu sauraron jaz goma sunan faifan da ya ci ɗin, ku ga yadda za a yi ta sosa ƙeya.

Ba a nan ta tsaya ba. Na'urar da ta naɗi rabin farko na Kind of Blue tana ɗan jan ƙafa, saboda haka sautin da ya fito a faifan ya ɗan ɗara yadda makaɗan suka busa. Fiye da shekara 30 duniya na saye, tana yabo, masu koyo na ta fama su daidaita ƙahonsu da shi. Sai a 1992 aka gyara. Ikon Allah!

Babban kambun Grammy, wato faifan shekara na dukkan nau'o'in kiɗa, yana yi wa jaz wuyar kamu. Faifan Getz/Gilberto ya ɗauka a 1965. Daga nan sai jira. Shekara 43 cur, kafin Herbie Hancock ya sake kawo shi gida a 2008, ya bar Kanye West da Amy Winehouse a zaune.

To ga namu. Shin ko kun san ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985? Sunansa Yusef Lateef. An haife shi a 1920 a jihar Tenesi, sunan yankansa William Huddleston, daga baya ya musulunta. Mutumin da ya yi kiɗa da Dizzy Gillespie da Charles Mingus, shi ne ya tattara ya dawo Zariya, babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Me yake bincike a kai? Sarewa! Sarewar nan dai da kuke jin yaron Fulani na busawa a bayan shanu da yamma, siririya mai 'yan ƙofofi kaɗan, wadda mu ko waiwaye ba ma yi. Ita dattijo ya ƙetaro teku ya zauna yana nazari.

Bai koma hannu rabbana ba. A 1983 ya naɗi faifai a Legas, ya sa masa suna In Nigeria. Akwai kuma wani mai sunan Hausa tsantsa, Hikima, wanda ya yi da makaɗan cibiyar. Bayan ya koma gida ya fitar da Little Symphony a 1987, shi kaɗai ya kaɗa duk kayan kiɗan da ke ciki. Ya ci Grammy kuwa. Amma kun san a wane rukuni? Ba na jaz ba! A rukunin kiɗan natsuwa na sabon yayi aka jefa shi. Da ma shi Malam Yusef ya tsani a kira aikinsa jaz, ga alƙalai sun raba gardama ba da niyya ba. Ya rasu a Disambar 2013, yana da shekara 93.

Af, kafin in manta. Louis Armstrong, sarkin ƙaho da kansa, ya zo Kaduna a 1960, shekarar 'yancin kai. Akwai hotonsa tare da Sardauna, Sa Ahmadu Bello. Ku nema ku gani.

Wani faifan kuma saura ƙiris a fasa shi. Ranar 24 ga Janairu, 1975, a birnin Kolon na Jamus. Wadda ta shirya wasan yarinya ce, ko shekara 20 ba ta kai ba. Mai kaɗa fiyano Keith Jarrett ya iso a gajiye, ba barci, ga ciwon baya. Ya duba fiyanon da aka ajiye masa, ashe ba shi ya nema ba: ƙarami ne, na gwaji, sautin sama siriri, na ƙasa ba ƙarfi. Ya ce ya fasa. Aka yi ta ba shi baki. Wajen ƙarfe 11 da rabi na dare ya zauna gaban mutum kusan 1,400, ba takarda, ba shiri, abin da ya zo masa a ka shi yatsu ke bi. Faifan wannan dare ya sayu fiye da miliyan 3, babu faifan fiyano zalla da ya kamo shi.

Ƙirƙira nan take, a gaban jama'a, ita ce zuciyar jaz. Mutanen Kankiya, wa wannan ya tuna muku? Alhaji Mamman Shata mana! Ɗan Musawa, nan maƙwabta. Kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa, shi kuwa ya dubi wanda ya shigo fili ya ɗora masa baiti a take. Shin ko kun san a shekarun 1970 Shata ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, tun ana cikin tsohuwar jihar Kaduna? A 1988 kuma jami'ar nan ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shekara 3 da tafiyar Yusef Lateef. Ni dai a ganina, da masu ƙuri'ar Shikago sun taɓa tsayawa filin Shata dare ɗaya, da jerin nasu ya sauya.

Ga wata matsalar da ke ɗaure wa alƙalai kai: faifan wace shekara ne? Mai jita Grant Green ya naɗi wani faifai a Janairun 1962, sunansa Nigeria. Mai gangarsa Art Blakey ne, wanda shi ma ya musulunta ya zama Abdullah Ibn Buhaina. Kamfanin Blue Note ya jefa shi a ma'ajiya. Sai a 1980 ya fito, shekara 18, mai faifan ma ya riga ya rasu! Na John Coltrane ya fi ban mamaki. An naɗa a Maris 1963, ya ɓace, aka tsinci kwafinsa a hannun dangin matarsa ta farko. Ya fito a 2018, bayan shekara 55, ya kutsa cikin jerin gwanayen shekarar yana gogayya da jikokinsa.

A Birtaniya akwai kyautar Mercury, ta faifai ɗaya tak a shekara, da tukuicin fam 25,000. Tun 1992 ake bayarwa. Kusan kullum akan saka faifan jaz ɗaya a jerin 'yan takara don a fita kunya, a tafa masa, ya koma gida. Sai a 2023 ƙungiyar Ezra Collective ta karya ƙofar. Shugabanta mai ganga ne, Femi Koleoso, ƙanensa TJ ke kaɗa jitar bes. Iyayensu? 'Yan Nijeriya ne! Wanda ya goge hannun Femi a ganga kuwa shi ne Tony Allen, makaɗin Fela Kuti.