Baƙin Cikin Tsofaffi Masu Doguwar Jinya a Asibiti

Sau da yawa akan kwantar da dattijo a asibiti saboda ciwon da ba ya rabuwa da mutum, kamar ciwon sukari, ko hawan jini, ko shanyewar ɓarin jiki. Ana cikin maganin jiki sai wata cuta ta biyo baya a ɓoye, watau ciwon damuwa.

Mutumin da ko kaza ba a yankawa a gidansa sai da izininsa, ga shi kwance, sa'an jikansa ke juya shi, ke kai shi bayan gida. Sai ya ga girmansa ya zube, ya ɗauka ya zama kaya ga iyalinsa. Daga nan ya ƙi abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina hira, har ya ƙi shan magani. Dangi su ce ai tsufa ne, alhali kuwa cuta ce mai magani. Kadan halin nan ya kai mako 2, lalle a gaya wa likita. In kuwa an ji yana fatan mutuwa, a faɗa nan take. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, don haka kada a yi gaggawar barinsa.

Ya kamata Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa su riƙa tura jama'a dubiya, ba makon farko kaɗai ba. Mai dubiya kada ya tsaya ga sannu. Ya nemi shawarar majinyacin game da gona, ko auren jika, ko sunan jariri, kamar yadda aka saba yi masa a zaure. Tsohuwa ma haka za a yi mata.