Silimar gida: awo ya fi tarin wat

Silimar gida mai tsarin 5.1 tana da lasifika biyar da babba guda mai kaurin amo. Masu saye na tsammanin yawan wat shi ne magani. Ba haka ba ne: in an ninka wat, desibel 3 kaɗai ke ƙaruwa.

Abin lura shi ne sautin da ke isowa wurin zama. A aza ma'aunin sauti a can, a saki amon gwaji, a daidaita lasifikan bi da bi, kowace ta kai desibel 75. In ta tsakiya ta raunana, maganar ƴan wasa sai ta nutse cikin kiɗi. Maigida ya yi ta ƙarin murya har na'ura ta wuce iyakarta, lasifika ta ƙone. Jama'a, a auna kafin a kashe kuɗi.